Musayar waƙa: nas a bakin daga

Asabe, Rukuba:
Salamu alaikum. Amsa-amon yau "ni" ne, kan matan da ke jinyar sojoji a lokacin yaƙi. Na buɗe:

Tantin Rufaida mai jinya a masallacin Madina,
Nan aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da rauni.
Ranar Handaƙ kibiya ta tsinka masa jijiya,
Mace ce ta tsaya kansa dare da yini.
Josephine Tolefe, nas ce, a 1961,
Mace ta farko a sojanmu da ta saƙala anini.

Malam Ɗanjuma, Unguwar Rogo:
Yaya Asabe, an gaishe ki. Mu gangaro kan aikin.

In an sauke mutum goma daga mota guda,
Nas ba ta bin mai ihu, tana bin jini.
Mai ihu yana numfashi; wanda ya yi tsit,
Jiki sanyi da gumi, shi ne abin tunani.
Mai alamar ja a fara da shi, mai rawaya ya ɗan jira,
Kore ya taka da ƙafarsa, kowa da launi.
Ƙafa na tsartuwa? A sa maɗauri sama da ciwo,
Santimita 5 zuwa 7, kan gwiwa kuwa akwai hani.
A murɗa sandar maɗaurin har zubar ta tsaya cak,
A riƙa sassautawa don ƙafa ta sami sukuni.

Hajiya Talatu, Gangare:
Malam, a yi mini afuwa, layinka na ƙarshe tsohon karatu ne.

Kowace sassautawa jini ne ke tafiya,
An bar wannan koyarwa a wannan zamani.
A rubuta lokaci a jikin maɗaurin,
Kafin awa 2 a kai shi hannun gwani.
Ɗaurin da bai matse ba, hanyar komawar jini yake tarewa,
Jijiya mai kawowa na ta turowa, zubar ta ƙara muni.
Hammata da matsematsi ba su ɗauruwa,
A cusa bandeji cikin ramin har ya cika, kun ji ni,
A danna da nauyin jiki minti 3 cur,
Ban da ɗagawa a leƙa wai don a gani.

Ladi, Bukuru:
Hajiya, kin bar mana sanyi, mu da muka san hunturun Jos.

Sanyi na daskarar da man shanu a ƙwarya,
Amma shi ke hana daskarewar jini.
A yanke rigar da ta jiƙe, bargo ƙasa da sama,
Ko da kuwa ana tsakiyar rani.
Ƙarin ruwa barkatai na tsinka abin da ya rage,
Wanda jini ya zube masa, jini ne magani.
Ledar jini a firji, digiri 2 zuwa 6,
In an fito da ita, awa 4 ta ƙare amfani.
Allurar tranexamic mai rage zubar jini, cikin awa 3 na farko,
In an wuce haka, ba ta da wani mizani.

Malam Ɗanjuma:
Hajiya Talatu, na karɓi gyara. A goge layin nan kada wani ya haddace.

Asabe:
Saura guda, Malam, wanda sabbin hannu ke yawan kuskurewa.

Ramin harsashi ba a ɗinke shi ranar farko,
Ƙasa da tsumman kaki na ciki tsakani.
A wanke, likita ya yanke mataccen nama,
A bar shi buɗe da bandeji, kada garaje ya ja wani.
Kwana 4 zuwa 5, in nama ya yi ja ba wari,
Sannan a ɗauko zare a rufe raunin da sani.