Kamun filathed da koto daga cikin kwale-kwale: me ke hana cizo?

Dan_Masunci:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata kan kifin nan mai faffaɗan kai da ake kira filathed a gaɓar tekun Ostireliya. Idan an fita da ƙaramin kwale-kwale mai inji cikin ruwa mai zurfin mita 10 zuwa 20, ƙasa kuma yashi ce, wanne ya fi: a jefa anka a tsaya, ko a kashe inji a bar ruwa ya tafi da jirgin? Wace ƙugiya da wane koto suka dace? Kuma me ya sa zare ke yawan tsinkewa daidai lokacin da kifin ya iso gefen jirgi?

MalamGarba:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara da sanin halin kifin. Filathed ba ya yawon neman abinci kamar sauran kifaye. Kwanciya yake yi a ƙasa, ya binne jikinsa cikin yashi, idanunsa da ke saman kai kawai ke waje, yana jiran abin da zai gifta ya yi wuf ya cafke. Saboda haka mai anka yana jiran wanda shi ma jira yake yi. Kashe inji, ka bar iska da ruwa su ja ka, kotonka ya riƙa bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya.

Amma gudun jirgin shi ne komai. Abin da ake so kamar kilomita 1 zuwa 2 a awa. In ya wuce haka, zaren zai miƙe can baya, dalmar da ke nitsar da koto ta tashi daga ƙasa, koto ya yi ta shawagi sama da inda kifin ke kai hari. Mafi yawan masu dawowa hannu rabbana nan matsalarsu take. Duba zarenka: muddin ya karkata fiye da rabin tsakanin tsaye da kwance, to ba ka ƙasa. Magani biyu ne. Ko ka ƙara nauyin dalma, ko ka jefa laimar ruwa, wato buhun nan mai faɗin baki da ake ɗaurewa a jirgi don ya rage masa gudu. A zurfin da ka faɗa dalma mai giram 30 zuwa 60 kan isa idan iska ba ta da ƙarfi. A mita 40 zuwa sama kuwa sai giram 120 ko ma 200. Ka riƙa sakin zare kaɗan-kaɗan har ka ji dalmar na dungurar yashi. Wannan 'yar ƙurar da take tayarwa ma tana jan hankalinsu.

Inda ka samu cizo biyu a jere, sa alama a GPS, wato na'urar nuna wuri, ka tada inji ka zagayo ta gefe, ka sake bin layin. Sukan taru wuri guda, musamman bakin gangare da inda yashi ya haɗu da ciyawar ruwa.

Hajiya_Teku:
Malam Garba ya gama magana kan gudu. Ni zan ƙara kan ɗauri. A buɗaɗɗen ruwa, sa dalma a can ƙarshen zare, ka fitar da reshen zare biyu masu ƙugiya a samanta, kowanne tsawon santimita 10 zuwa 15, na ƙasan kada ya wuce taƙi ɗaya daga dalmar. A bakin kogi mai ƙarancin zurfi kuwa, dalma mai huda da ke zamewa a kan zare ta fi, sai ɗan ƙarfe mai juyawa, sai guntun zare na rabin mita zuwa ƙugiya.

Ƙugiya lamba 2/0 zuwa 4/0. Kada girman ya ba ka tsoro, bakinsa kamar shebur yake. Koto kuwa, sardin da ƙananan kifaye farare da jatan lande duk suna ci, sai dai suna saurin zubewa. Naman sikwid (wata halittar teku mai laushin jiki da hannaye da yawa) da aka yanka siriri, tsawon yatsa, ya fi jure ja. Soke shi sau ɗaya a ƙarshensa don ya riƙa kaɗawa. In ka dunƙule shi a ƙugiya, juyi zai yi ta yi ya murɗe maka zare, kifin kuma ba zai kula shi ba.

Dan_Masunci:
Na gode Malam, na gode Hajiya. Saura batun tsinkewar zaren.

BabanSani:
Haƙoransa ƙanana ne amma kamar zarto suke. Da zarar kansa ya fito sama da ruwa sai ya hau girgiza shi hagu da dama, ya goge zaren har ya yanke. Don haka guntun da ke riƙe ƙugiya ya zama mai ɗaukar kilo 7 zuwa 9, kuma ka shafa shi da yatsa bayan kowane kifi. In ka ji kaushi, yanke ka sake ɗauri. Idan ya matso, sunkuyar da bakin sandar kamun kifin, ka bar kansa cikin ruwa, ka jawo shi a hankali cikin homa ta wajen kai. Kada ka ɗaga babba da zare kawai.

Ka yi hattara wajen riƙo. Yana da ƙayoyi masu kaifi a gefen kai, wajen murfin numfashinsa, da kuma a doron baya, sukansu na da zafi da zubar da jini. Riƙe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ka cire ƙugiya da filaya.

Sai doka, wadda ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Nau'in da ake kira daski, a Niyu Sawut Wels ana ajiye mai santimita 36 zuwa 70 ne kawai, a Kwinsland kuma 40 zuwa 75, guda 5 ga mutum ɗaya. Dalilin iyakar saman shi ne manyan kusan duk mata ne masu ƙwai. Idan babbar ta haɗiye ƙugiya har ciki, kada ka tona, yanke zaren dab da baki ka sake ta. Kafin fita a duba ƙa'idar jihar ta wannan shekarar, don ana sauya ta.