Neman shawara: ƙaramin jirgin tururi mai wili a baya, wanda za a tuƙa da rimot

Sabon-shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa samfurin jirgin kogi irin na kogin Misisipi a Amurka, mai katon wili a baya da ke tura ruwa da filafilansa, da bene uku da dogayen bututun hayaƙi biyu. Zanen da nake bi sikelin 1:48 ne, wato kowane tsawo na jirgin gaske an raba shi da 48, tsawon gangar jirgin (ƙasan jikinsa da ke zama a ruwa) santimita 120, faɗi 25. Na yanka filawud na gindi amma ban manna ba tukuna. Abin da ya ɗaure mini kai uku ne. Gangar a zane ba ta da zurfi ko kaɗan, ban ga inda batir zai zauna ba. Ban san irin moton da zai juya wilin ba. Sannan raina na son injin tururi na gaske, ba na lantarki ba. Masu hannu a harkar, a taimaka mini.

Tsohon Kafinta:
Wa alaikumus salam. Madalla da ka tambaya gam bai hau katako ba. Zanenka ba ƙarya ya yi ba, haka jiragen suke. An ƙera su ne don kogi mai yashi da ruwa kaɗan. Dubi Belle of Louisville, da aka ƙera a 1914 kuma har yanzu yana yawo a kogin Ohayo: ƙafa 5 kacal yake shiga ruwa. Raba da 48, ka ga santimita 3 da 'yan kai ke nan. A cikin wannan ɗan zurfin kake son zuba batir, moto da wayoyi, ga bene uku a kai.

Ni dai shawarata, ka ƙara wa gangar zurfi da santimita 2 ta ƙasa. Idan jirgi na kan ruwa ba mai ganin gindinsa. Duk abu mai nauyi ya kwanta a can ƙasa, batir a tsakiya. Benayen kuwa ka yi su da balsa (wani katako mara nauyi) ko siririyar roba, bututun hayaƙi da bututun roba ko alminiyam mara kauri. Kada sha'awar ado ta sa ka jera ƙarafa a hawa na uku. Kuma ka yi benayen su ciru gaba ɗaya kamar murfi, domin za ka riƙa sa hannu a ciki fiye da yadda kake zato. Ciki da wajen gangar ka shafe su da gam ɗin ifoksi mai hana ruwa shiga, musamman bakin filawud inda aka yanka, nan ruwa ke fara shiga ya kumbura katako.

Malamar Lissafi:
Baba Kafinta ya yi gaskiya, bari in ƙara da lissafi. Kowace lita ɗaya ta ruwa da gangar ta ture tana ɗaukar kilo ɗaya. 120 sau 25 sau 3 ya ba ka lita 9, amma da yake gaba da baya a fiƙe suke, ka sa ran kilo 7 ko kusa da haka. Ka riƙa auna nauyin kowane yanki a ma'auni kafin ka manna shi.

Batun gudu kuma, ba a raba shi da 48, da tushen murabba'in 48 ake rabawa, wato kusan 7. Jirgin da ke tafiyar kilomita 14 a awa, samfurinsa 2 zai yi, ko tafiyar ƙafa bai kai ba. Juyin wili kuma ninka shi ake yi da wannan 7 ɗin. Wilin da ke juyi 15 zuwa 20 a minti, naka zai nemi 100 zuwa 140. Ƙaramin moto tsirara dubbai yake juyawa a minti, saboda haka mai giya za ka nema.

Mai Gyaran Rediyo:
Malam, moto mai giya na bolt 6 ko 12 ya wadatar. Ka haɗa shi da wilin da bel mai haƙora ko siririyar sarƙa, ka ɓoye ta a gefe. Dogayen sandunan nan da ke tura wilin a jirgin gaske, ka bar wilin ya riƙa jansu don ado kawai. Na'urar daidaita gudu ta zama mai ribas, rimot na 2.4GHz mai layi biyu ya isa: ɗaya gudu, ɗaya sitiyari. Eriya ta tsaya sama da layin ruwa, siginar ba ta ratsa ruwa. Sa fis kusa da batir, don ciyawa na naɗe wili ta tsayar da moto.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne nutsa wilin. Filafilin da ke ƙasa kaɗai ya kamata ya shiga, bakinsa na sama ya ɗan ɓace a ruwa. Ya wuce haka, sai ya dinga kwasar ruwa yana watsawa sama, batir na ƙarewa jirgi na tsaye. Ka yi mazaunin wilin da ramuka dogaye yadda za ka ɗaga ko ka sauke bayan ka gama loda komai.

Mai Bin Zane:
Ni fa ban goyi bayan ƙara zurfi ba. In ka canza ganga, ka fita daga sikeli, ranar da ka ɗora shi a tebur duk mai ido zai gane. Gindi mai faɗin santimita 25 ba ya kifewa da sauƙi. Shimfiɗa batura sirara a kwance, magana ta ƙare.

Tsohon Kafinta:
Ba kifewa nake ji masa ba, ɗan'uwa. Iska da igiyar ruwa ba su san sikeli ba. Dandamalin ƙasa dab yake da ruwa, ɗan kaɗawa kaɗan ya hau. Bene uku kuma kamar tanti ne mai tare iska, iska ta same shi ta gefe sai ta tafi da shi, jirgi mara nauyi ba ya musu. In na tebur yake so, ya bi maganarka. In na ruwa ne, ya ƙara zurfi, ya kuma kewaye bakin ramin da zai riƙa sa hannu cikin gangar da ɗan katanga na santimita 1 a ƙarƙashin murfi.

Sabon-shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ruwa nake so, zan ƙara zurfin. Saura batun tururi da sitiyari, zanen ya nuna alluna uku na karkata jirgin a gaban wilin.

Mai Gyaran Rediyo:
Haka suke a na gaske. Da yake wilin baya yake tura ruwa, alluna na gabansa sun fi cin aiki lokacin ribas. Shi ya sa wasu jiragen ke da ƙarin alluna a bayan wili. Yi naka su fi na zane girma, ka haɗa su da sanda ɗaya a kan ɗan moton sitiyari guda.

Tururi kuwa, a bar shi sai jirgi na biyu. Tukunya da tankin gas nauyi ne mai tsayi, ga wuta a ƙarƙashin balsa, kuma dole a gwada tukunya da matsin ruwa kafin a kunna ta. Akwai ƙaramar na'urar hayaƙi mai aiki da batir, ita za ka sa a gindin bututun. Da ka gama gangar, kai ta baho ka loda mata nauyin kayan duka, ka ja layin ruwa da fensir, sannan ka yanka filafilan.