Abin da aka tattara kan koyon GIS ga 'yan Soshiyoloji

Jiya mun tattauna da wasu 'yan uwa ɗalibai a Birnin Kebbi kan GIS, wato ɗora bayanan jama'a a kan taswira, ga abin da na kwaso.

Kusan kowa ya ce a fara da manhajar taswira ta QGIS tunda kyauta ce, takwararta ArcGIS kuɗin lasisi gare ta sai in makaranta ta biya. Wani ya ce a koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, tukuna, ni dai ban yarda ba gaskiya, wanda bai iya gyara teburi a Excel ba ina shi ina Python.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar data. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya tun 2006 ce, don haka adadin mutanen da za ka samu hasashe ne, ka faɗi hakan a project ɗinka. Iyakokin ƙananan hukumomi 21 na Kebbi da asibitoci akwai su a shafin intanet na GRID3, hanyoyi kuma a taswirar intanet ta OpenStreetMap, in kuma za ka shiga ƙauye kamar yankin Argungu tambayar manoman shinkafa kan ambaliya to manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox tana ɗaukar GPS ko babu netwok, amma don Allah kar ka sa gidan mutum ɓaro-ɓaro a taswira, haɗa su a matakin mazaɓa.

Laftof mai RAM 8GB ta isa.