Bindigar ƙyastu ta ƙi tashi a cikin sanyi

Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar New York, kuma ina cikin masu kwaikwayon dakarun Robert Rogers, 'yan sintirin daji da suka yi wa Ingila yaƙi da Faransa. A Maris mai zuwa za mu maimaita gumurzun da suka yi cikin dusar ƙanƙara kusa da tafkin George a 1758.

Bindigata ce ta ƙi, samfurin Brown Bess. Albarushi zalla muke ɗurawa, ba harsashi. Da rani lafiya lau take tashi, amma tun da sanyi ya shigo, sai in ja kunama sau biyar, dutsen ƙyastun ya daki ƙarfen da ke ba da tartsatsi, tartsatsi biyu ja-ja su faɗo su mutu kafin su kama albarushin.

Na sa sabon dutse, na juya bakinsa, na goge maiƙon ƙarfen, na zura allura a 'yar kafar da wuta ke bi ta shiga cikin bindigar. Albarushin ma a bushe yake. Yanzu har dutsen ya fara yi wa ƙarfen zane mai zurfi, abin da ya fi damuna ke nan.

Maƙera da 'yan bindigar hawan salla, ƙarfen ne ya yi laushi har yana bukatar a sake ba shi ruwa?