Shuri ko ja da baya: sunan abin da ƙaramar libarba ke yi wa hannu

Masu fassara labaran Amurka kan ci karo da kalmar recoil a duk inda ake zancen bindiga, kuma yawancinsu sukan rubuta "ja da baya" su wuce. A ganina wannan fassarar ba ta riƙe ma'anar ba, domin mai ja da baya da niyyarsa yake yi, ko soja ne a fagen fama ko direba ne a bakin gareji, alhali abin da ake nufi bugu ne na farat ɗaya da bindiga ke kai wa mai riƙe da ita a daidai lokacin da harsashi ya fita. Kalmar da nake goyon baya ita ce shuri.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a duba inda abin ya fi tsanani, wato ƙananan libarba masu cin harsashi 5 da Amurkawa ke ɗauka a ɓoye cikin aljihu ko a ƙugu. Kamfanin Smith & Wesson ya fito da irinsu a 1950 da sunan Chief's Special, ta baƙin ƙarfe mai nauyin sama da rabin kilo, sannan aka yi ta rage nauyi har aka kai ga samfurin 642 na alminiyam, mai gram 400 da 'yan kai, da kuma 340PD wadda ba ta kai gram 350 ba. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne ke tura bindiga baya, saboda haka duk gram ɗin da aka cire domin sauƙin ɗauka, tafin hannu ne ke biyan kuɗinsa. Wanda ya zuba .357 Magnum, harsashin da aka fito da shi a 1935, a cikin wannan ta ƙarshen, zai ji ƙotar ta daki tsakanin babban yatsa da manuni, bakin bindigar ya ɗaga sama, kuma sau da yawa zoben da ke kare kunama ya bugi yatsa. Wannan ba ja da baya ba ne. Jaki ne ya kai ƙafa.

An kawo shawarar "harbi", tun da mukan ce doki ya harbi yaro, amma a zancen bindiga harbi ya riga ya sami gurbinsa, kuma "harbin bindiga ya yi yawa" zai sa mai karatu ya ɗauka ana ta ɓarin wuta ne. "Tunkuɗa" ta yi sanyi. "Zabura" kuwa ina so mu ajiye ta wa mutum, domin akwai wata matsala dabam da ke buƙatar suna: mai harbin da ya sha shuri yakan runtse ido ya danna bakin bindiga ƙasa tun kafin ta tashi, sai harsashi ya sauka ƙasa da inda ya auna. Idan muka raba su, jimla takan fito sarai: shurin bindiga ne ke koya wa mai harbi zabura.

Kalmar tana karɓar siffa ba tare da wahala ba, kuma a wurin zaɓen harsashi ake gane haka. Harsashin .38 Special mai shafaffen kai, mai nauyin kusan gram 9.6, wanda aka yi domin gasar harbin takarda, shurinsa mai laushi ne, shi ya sa wasu masu koyarwa ke ba da shawararsa ga masu raunin wuyan hannu. Gold Dot na kamfanin Speer mai gram 8.7, wanda aka tsara domin gajeren baki bisa buƙatar 'yan sandan New York, yana da ƙarin matsi da alamar +P, kuma shurinsa mai kaifi ne amma ana iya sarrafa shi. Magnum kuwa, a bututun da bai kai inci 2 ba, wani kaso na albarushinsa a waje yake ƙonewa, ya zama ƙara da walƙiya. A bindiga marar nauyi sosai, shuri kan fizge ta baya da sauri har dalmar sauran harsasan ta riƙa zamewa daga kwansonta, ta leƙo gaba ta hana tulun harsasai juyawa.

Wani ya yi ƙorafin cewa shuri na tuna masa da shure-shuren da ba ya hana mutuwa. Gaskiya ne, sai dai wancan maimaitacce ne, namu kuwa ɗaya ne tak a kowane harbi. Abin da ya rage a daidaita shi ne ɗagawar bakin bindiga sama, wadda Turawa suka ba suna dabam. Ni dai "ɗaga-baki" nake rubutawa, kuma ina jiran wanda ya fi shi.