Jaririn da aka haifa da gaba biyu: wane suna za mu ba abin a Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Ni ne mai fassara shirin kiwon lafiya na Hausa a wani ƙaramin gidan rediyo a nan Garwa ta ƙasar Kamaru. Likitan da ke zuwa mana ya miƙo mini takardarsa da Faransanci, a ciki akwai kalmar diphallie, wato a haifi yaro namiji da azzakari biyu. Na kwana biyu ina juya ta. Asalinta Girkanci ne, di biyu, phallos azzakari, don haka ma'ana ba ta ɓuya ba. Abin da ya gagare ni shi ne sunan da zan furta a iska, uwa tana saurare da surukarta a tsakar gida, ba wadda ta tashi ta kashe rediyo. Abu ne da ba a cika gani ba, kusan haihuwa ɗaya cikin miliyan 5 zuwa 6, kuma waɗanda likitoci suka rubuta a duniya ba su wuce ɗari da 'yan kai ba tun daga na farko da ake ambata, na shekarar 1609, wanda ake dangantawa da wani likita Wecker. Ina da sunaye uku a hannu: azzakari biyu, tagwayen gaba, cindon gaba. Ku taya ni.

Ɗan kasuwa daga Marwa:
Malam mai fassara, ai wannan shi ne mata-maza, me ya kawo neman sabon suna?

Malamin asibiti daga Ngaundare:
A'a Alhaji, a nan ne mutane ke ruɗewa. Mata-maza shi ne wanda halittarsa ta rikice tsakanin ta namiji da ta mace. Wannan kuwa namiji ne, ba a tababa, gaban ne ya zo biyu. Yana faruwa tun cikin bai kai wata biyu ba, lokacin da ɗan tsiron da zai zama gaba yake haɗuwa, sai ya rabu ko ya fito a wuri biyu. Kuma ba kala ɗaya ba ne. Wani biyun cikakku ne, kowanne da jikinsa, wani lokaci kowanne da hanyar fitsarinsa. Wani kuma guda ne ya tsage, ko kan ne kawai ya rabu. Sunan da za ku zaɓa ya ɗauki duka.

Wani matashi daga Kusuri:
Ni dai cindon gaba ya yi mini. Gajere ne, kowa ya san cindo, yatsa na shida. Da an faɗa an gane ƙari ne a kan na asali. Har ma ya rage wa abin nauyi.

Ungozoma daga Garwa:
Ɗana, rage nauyin nan shi ne abin da nake tsoro. Shekarata ashirin da wani abu ina karɓar haihuwa, ban taɓa ganin wannan ba, amma cindo na gani ba adadi, kuma na san abin da ake yi masa. Kaka ta samo zare ta ɗaure shi tam har ya bushe ya faɗi, ko a jira wanzami ranar suna ya sa aska. To ka ce wa mutanen ƙauye wannan ma cindo ne, me kake zato za su yi? Wanzami zai zo da zabirarsa ya duba wanda ya fi ƙanƙanta ya ce shi ne ƙarin. Idan ta nan yaron ke fitsari fa? Suna yana aika mutane wuri. Da muka ce shan inna, gidan boka aka riƙa kai yara shekara da shekaru. Da aka ce yoyon fitsari kuwa, kowace mace ta gane ciwo ne na jiki, asibiti za ta nufa. Ku ba mu suna irin na biyun.

Malamin asibiti daga Ngaundare:
Inna ta gama magana. In ƙara da cewa abin da ido ke gani a waje sau da yawa shi ne ƙaramin aikin. Irin yaran nan akan same su da mafitsara biyu, ko jakar maraina a rabe, ko matsala a ƙoda da ƙashin baya, wani ma a haife shi dubura a toshe, wanda shi ne na gaggawa tun ranar farko. Shi ya sa sai an yi ekografi, wato hoton cikin jiki irin wanda ake yi wa masu juna biyu, da sauran hotuna an ga inda kowace hanya ta bi kafin likitan tiyatar yara ya yanke wanda za a bari. Galibi ana barin wanda ya fi aiki ne a cire ɗayan a gyara hanyar fitsari. Kaciya ma a dakata da ita, fatar takan yi amfani wurin gyaran.

Malamin zaure daga Njamena:
Ba sabon abu ba ne ga malamai. Littattafan fiƙihu sun kawo mas'alar mai zakari biyu a babin alwala da wanka, suna rarrabe na asali da na ƙari, kuma sun ware ta daban da babin mata-maza. A karatu muna cewa zakari ba tare da jin nauyi ba, don babu kunya a neman sanin addini. Ni da za a bi tawa, zakari biyu ya wadatar.

Wani matashi daga Kusuri:
Allah ya gafarta Malam, a rediyo in aka ce zakari biyu da sauri, rabin masu saurare kaji za su ji.

Mai fassara:
Ka ba ni dariya, amma gaskiyarka. Allah ya gafarta Malam, a zaure kalmar ta zauna daram, a tsakar gida ce take nauyi. Azzakari biyu ma haka, kuma ya fi kama da bayani, ba suna ba. Cindo kuwa na janye shi da hannuna, Inna ta kashe bakina. Saura tagwayen gaba. Abin da ya sa nake son sa, mun riga mun saba ɗora tagwaye a kan abin da ba mutum ba, muna cewa tagwayen hanya ba wanda ke neman Hassan da Husaini a ciki. Kuma tagwaye ba ya nuna wanne ne na gaske wanne ne na yarwa, ya bar wa likita wannan hukuncin.

Malamar makaranta daga Marwa:
Yaya, gyara ɗaya. Gaba na mace ma gaba ne, ga shi kuma kalmar tana da ma'anoni da yawa. A rubuce sai wani ya karanta ta da ma'anar ƙiyayya. Me zai hana tagwayen mazakuta? Namiji kaɗai take nufi, kuma ina iya faɗinta a gaban ɗalibaina ban sunkuyar da kai ba.

Malamin asibiti daga Ngaundare:
Na yarda da ta Malama. Wanda guda ne ya tsage sai a ce rababbiyar mazakuta, a ƙarƙashin babban sunan. Amma ku sani an taɓa samun jariri mai uku a Duhok ta ƙasar Iraƙi, likitoci suka wallafa a 2020.

Mai fassara:
Wannan in ya iso Garwa ma sake zama, Likita. Na rubuta tagwayen mazakuta a takardar shiri, zan faɗe ta sau ɗaya tare da bayani a farko, daga nan in ci gaba da cewa gaba don sauƙin baki. Inna, jimlarki ta wanzami zan sa a ƙarshen shirin kamar yadda kika faɗe ta, in kin ba ni izini. Abokin aikina mai sashen Fulatanci yana tsaye a kaina, wai shi ma a taya shi neman tasa kafin Alhamis.

Ungozoma daga Garwa:
Na ba ka, ɗana. Ka ƙara da cewa kada a ɓoye yaron a ɗaki don kunya, a kawo shi tun bai kwana ba, a duba ko yana fitsari yana bayan gida.