Neman shawara: taswirarmu ta wuraren wasa a Kano ta rikice

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da wata taswira a Google My Maps da muke sa wuraren da ake buga sunuka a Kano, har da 'yan injinan pinball (wasan buga ƙaramar ƙwallon ƙarfe a cikin inji) da ake samu jefi-jefi. Mutane ne ke ƙara wuraren da kansu, daga Zoo Road zuwa Sabon Gari, Kabuga da Hotoro.

Damuwata ita ce duk wanda na ba damar gyara yana iya goge alamar wani, ba tare da an tambaye ni ba. Sannan shago ɗaya sai ka gan shi sau uku: wannan ya rubuta "bayan gidan mai", wancan "kusa da masallaci", ga alamar ta faɗa tsakiyar titi. Wanda ya fi ɓata min rai, matashi ya biya kuɗin adaidaita ya je, ya tarar an mayar da wurin shagon caji tun bara.

Shin uMap, wani shafin haɗa taswira da ke amfani da OpenStreetMap (taswirar intanet da jama'a ke haɗawa), zai ba ni damar duba gyara kafin ya hau? Kuma ta yaya zan sa kowace alama ta nuna ranar da aka tabbatar wurin yana aiki? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.